Binne na Uku

Bana ruwa ya yi mana irin halinsa na da. Ya sauko sau biyu a farkon damina, mai kyau kuwa, kowa ya fita ya yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Yau kwana goma sha bakwai ke nan ko ɗigo babu. Ranar Lahadin da ta wuce, da aka tashi daga sujada, na tarar da mazan ƙauyenmu a gindin darbejiyar ƙofar majami'a ana ta musu. Wannan ya ce hukunci ne, wancan ya ce gwaji ne, wani kuma ya ɗaga waya ya ce ai masu hasashen yanayi sun faɗa tun bazara. Na ɗan tsaya na saurara, na ga babu wanda ya zo da sabon zance, na ja sandata na yi gaba. Musun nan na ji shi shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, a tsakar gidanmu, daga bakin mutum biyu da suka fi waɗannan iya shi, kuma a kan kayana aka yi.

Sunana Rifkatu. Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Ajingi, sai an bar titi an ratsa rairayi. Yanzu babur na kawo mutum har ƙofar gida, a lokacin kuwa ƙafarka ce motarka. Gida bakwai ne mu Kirista, sauran duk Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke yi. Mijina Bitrus, yanzu da ya kwanta dama ni kuma na tsufa sai in faɗi sunansa gatsau, gandu ɗaya yake nomawa da yayansa Ishaya. Shi Yaya Ishaya shi ne mai bishararmu. Ya yi shekara biyu a makarantar koyon wa'azi, ya dawo da tabarau da amsar kowace tambaya. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya ci haƙƙin kowa ba, amma in ka ce masa kanka na ciwo, sai ya zaunar da kai ya gaya maka dalilin da ya sa Allah ya halicci kai.

Shekarar ta fara mana da baƙin ciki tun kafin ruwa. Da bazara ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta ɗauke mana Lami, tana da shekara biyu da 'yan watanni. Ita ce 'yar farina. Tana raye ban taɓa kiran sunanta ba don kunya, "yarinyar nan" nake cewa, sai da ta tafi na riƙa faɗin sunan ni kaɗai a bakin murhu. Bitrus da hannunsa ya haƙa ramin. Yaya ya yi wa'azi mai tsawo a bakin kabari a kan tashin matattu, rana na dukan mutane. Mijina bai zubar da hawaye ko ɗaya ba, kuma daga ranar bai sake taka ƙofar majami'a ba.

Ruwan farko ya zo a kan lokacinsa. Maza suka fita da sungumi suna sara, mu mata muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kwana uku gero ya leƙo. Daga nan rana ta buɗe, kwana ashirin tana gasa shi, ya naɗe ya zama kamar zare, iska ta kwashe. Da aka ga lokaci na tafiya sai aka yi binne. Ga wanda bai san noma ba, binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira, ranar da aka yi ruwa ya riga na kowa tashi. Babban hatsarinsa ƙaramin ruwa ne. In aka yi yayyafin da ya isa ya tayar da iri amma bai isa ya raya shi ba, sai ya tsage ya mutu a rami. Abin da ya same mu ke nan. Kwana shida da binnen aka yi wani ɗan ruwa da ko kaji bai kora ɗaki ba, irin gandu na biyu ya tafi, kuma shi ne na ƙarshe.

Daga nan yunwa ta shigo ta shimfiɗa tabarma. Rumbun gandu ya koma sai an shiga da tsintsiya. Muka koma cin abinci sau ɗaya, da la'asar. Da asuba in ɗauki tulu in tafi rijiya, in tarar da layi, guga ta fito da rabin ruwa rabin laka, sai an ajiye ya kwanta kafin a sha. In dawo in shiga daji neman yaɗiya, don ko tafasa ba ta fito ba. A dafa ganyen, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu a ci da gishiri. Dusar da muke ba awaki muka koma tankaɗewa muna dama kunu da tsamiya, kunun da kana ganin fuskarka a ciki. Matan Fulani da ke kawo mana nono suka daina zuwa, shanun sun ƙafe. Zafi kuwa da tsakar rana ƙasa ba ta takuwa, ga wata iska mai ɗumi da ke busar da leɓe. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, a yi cida, mu fito da ƙore da tukwane, sai iska ta watsa shi mu mayar da kayanmu ɗaki.

Maƙwabtanmu Musulmi suka fita roƙon ruwa a filin idi, da tsofaffi da yara har da dabbobi. Mu ma Yaya ya sa mana azumin kwana uku. Da labari ya kai wa Bitrus sai ya ce, "Ku gaya masa mun riga shi farawa."

Ni kuwa ina da abina a ɗaki. A gidajenmu mace tana da gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa ta kanta. Kakar da ta wuce na zaɓi manyan zangarnu daga gerona, na sussuke, na cakuɗa da toka saboda ƙwari, na zuba a tulu na liƙe bakin da yumɓu, kamar yadda uwata ta koya mini. Kwano huɗu ne. Yau in irinka ya ƙare sai ka hau babur ka je Gaya ka sayo a leda, an ma shafa masa magani. A shekarar nan ko a kasuwar Kademi ka ga gero, ba ka san shekarunsa ba, balle ka san ko zai tsira. Wannan tulun shi ne duk irin da ya rage a gidanmu, kuma kowa ya san yana nan.

Wata la'asar ina tsinke yaɗiya a gindin rumfa, su biyun suna zaune a tabarma, Bitrus ya ce da ni, "Ki fasa tulun nan. A daka a yi tuwo, mu ci na 'yan kwanaki mu ji ƙarfin jikinmu, ni in tafi birni in nemi dako. Gonar nan ta gama magana."

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ba za a ci iri ba. Kuma ba za a sake binne ba. Na zauna na yi tunani, binnen nan da muka yi gwada Ubangiji ne, mun riga shi gaba. A bar tulun inda yake, mu dage da addu'a. Ranar da ya ba da ruwan kirki sai a shuka."

"In ya ga dama ke nan," in ji Bitrus.

"Nufinsa ne, ai."

Bitrus ya gyara zama. Na san wannan gyara zaman, wata uku yana tara abin da zai faɗa. Ya ce, "Yaya, ka ce ya san komai tun kafin ya yi duniya?"

"Ya sani."

"Ya san Lami ba za ta cika shekara uku ba?"

"Ya sani."

"Yana da ikon hanawa?"

"Yana da shi."

"To ni me ya rage mini? Abin da ya shirya shi zai faru, in shuka ko kada in shuka, in yi addu'a ko in yi barci."

Yaya ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Sani daban, tilas daban. Ni na san in na ajiye gishiri a nan akuyar can za ta zo ta lasa, amma ba ni na tura bakinta ba. Allah bai ɗaure mu a turke ba, Bitrus. Ya ba mu zaɓi. Da zaɓin nan ne mutum ya juya masa baya ya jawo wa duniya wahala."

"Wane zaɓi Lami ta yi? Ko 'ruwa' ba ta iya faɗa daidai ba."

"Akwai abin da yake koya mana ta wurin wahala. Almasihu kansa ya sha wuya."

"Shi da kansa ya zaɓa, kai ka sha gaya mana. Ita ba a tambaye ta ba. In darasi ake so a koya mini, ni ya kamata a daka. Malamin da zai daki 'yata don ni in iya karatu, ban ga abin da zan koya a wurinsa ba."

Yaya ya ce ya kiyayi bakinsa. Bitrus ya ce ai bakin ma an riga an shirya abin da zai faɗa. Haka suka yi kwana huɗu, kullum da la'asar, kowa da ƙoƙon kunun dusa a gabansa. Ba zan ɓoye ba, tambayoyin mijina nawa ne. Duk wadda ya jefa sai in ji ta sauka a ƙirjina, don ni ma na yi su a ɓoye, na rasa mai amsa mini. Amma ina kallon rana tana tafiya. Gero yana son wata ukunsa, in aka ƙara sati biyu ko ruwa ya zo ba zai kai ba. Kuma in aka jira sai an yi ruwa, da jikin da yunwa ta cinye, kafin mu gama shuka danshin ya gudu.

A rana ta huɗu haƙurina ya ƙare. Ni dama ba a san ni da dogon haƙuri ba. Na ajiye ƙwaryar ganye na ce, "Yaya, ka yi mini afuwa, zan yi magana. Kai da kake cewa an ba mu zaɓi, ka ce in naɗe hannu in zauna. Shi da yake cewa ba mu da zaɓi, ya zaɓi tuwo ya zaɓi birni. Ni ban yi makaranta ba, amma na ga kowannenku ya hau jakin ɗan'uwansa. Kuma duk surutun nan a kan tuluna kuke yi, babu wanda ya tambaye ni. Gobe zan yi binne."

Yaya ya ce, "Rifkatu, gwada Allah ne."

Na ce, "In na zauna ina jira ya cika mini rumbu ina kallo, wannan me ne?"

Bitrus bai ɗago kai ba. Ya ce a hankali, "Ni na gaji da binnewa. Na binne 'yata, na binne iri sau biyu. Duk abin da na sa a ƙasar nan ba ya dawowa."

Tun ina yarinya nake cewa binne a gona, nake cewa binne a maƙabarta, ban taɓa lura kalma ɗaya ce ba sai da ya faɗa.

Gari na wayewa na fasa yumɓun, na sheƙe tokar, na ɗaure irin a zane, na ɗauki sungumin Bitrus na nufi gandu. Aikin mutum biyu ne, ni kaɗai sai in sara layi guda in dawo in bi shi da iri. Ƙasar ta bushe har in ka sara sai rairayi ya koma ya cike ramin. Kafin hantsi na yi layi bakwai, idona na ganin duhu-duhu. Na sunkuya ke nan na ga inuwa a gabana. Bitrus ne. Na ɗauka ƙwace irin ya zo yi, na damƙe zanen da hannu biyu.

Ya ce, "In bai fito ba fa?"

Na ce, "Maigida, ranar da muka binne yarinyar nan aka ce mana za ta tashi. Ban san ko na yarda a ranar ba, har yau ma wata rana ina yarda wata rana ina kasawa. Amma in har zan sa rai da wancan, ba zan tsaya ina jin tsoron kwano huɗu na gero ba. In bai fito ba, na dai san na sa shi."

Sai ya miƙo hannu ya karɓi sungumin ya ce, "Ramukanki sun yi kusa da juna. Ba don na yarda ba ne, don kada ki faɗi a gonar mutane a ce ni na kashe ki."

Ya shiga gaba yana sara, ina biye. Rana ta take tsaka sai ga Yaya da tabarau, ya tsaya a kan iyaka ya harɗe hannu. Ya ce shi dai ya faɗi gaskiya, kuma yana nan a kan bakansa. Can ya ga na bar wani rami a buɗe, ya tako ya rufe da diddige. Ya rufe na gaba. Kafin mu kai ƙarshen layi ya tuɓe takalmi ya karɓi rabin irin, yana jefawa yana yi wa ƙeyar ƙanensa bayanin bambancin nufin Allah da yardar Allah. Kwana biyu muka yi, kwano huɗun nan suka shige ƙasa, tulu ya koma wayam.

Jira ya fi aikin wuya. Babu iri, babu tuwo, kuma ni na jawo. Kullum da safe in je gona in kori zabi da kurciyoyi, in tona rami ɗaya in duba, in ga ƙwayar tana nan yadda na sa ta, in mayar in rufe. Matan rijiya suka riƙa yin shiru in na iso. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Iya Dije, Musulma ce, ita kaɗai ta ce da ni, "Kin yi naki, 'yar nan. Saura na Mai sama." Ta zuba mini garin rogo tafi biyu a bakin zane.

Rana ta tara da yamma ina gona, wani ɗan gajimare marar kauri ya taso. Na san irinsa da gani. Sai na ji ɗigo a hannuna, na ji wani a wuya, ƙasa ta fara yin ɗige-ɗige, ƙamshinta ya tashi. Yayyafi ne, irin wanda ya kashe mana na biyu. Ni da na yi wata biyu ina roƙon ruwa, sai ga ni durƙushe a tsakiyar gandu ina roƙon a ɗauke shi. Ba addu'ar majami'a na yi ba, faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, ka karɓi yarinyar nan ban ce maka komai ba. Yau zan ce. Ko ka sako shi duka, ko ka riƙe abinka. Wannan ɗan tsiyar kada ka ba ni." Ina faɗa ina kuka, ina jin tsoron abin da bakina ke faɗa, amma ban janye ba.

Ban ce maganata ce ta tsayar da shi ba, na ga yayyafi da yawa da ya tsaya don kansa. Ya dai tsaya. Na tona na ga danshin bai kai ga iri ba. Na koma gida ban gaya wa kowa abin da na yi ba, na san Yaya zai ce saɓo ne, Bitrus kuma zai ce dama an shirya.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, hadari ya taso daga gabas, bai yi cida ba bai yi gargaɗi ba, ya sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar. Katangar bayan ɗakina ta zube, babu wanda ya kula. Bayan kwana biyu aka ƙara. Gero ya fito, amma ba duka ba. Kwana goma sha biyu a ƙasa mai zafi, ga tururuwa ga ɓeraye, wajen kashi ɗaya cikin uku na ramukan babu komai. Gonar ta fito da giɓi ko'ina, wani wurin kore shar, wani wurin fili. Abin da ya tsira shi ya riƙe mu a shekarar, da ƙyar, kuma daga cikinsa na cika tuluna na baɗi.

Da geron ya yi sati uku, aka wayi gari da danshi, muka fita dashe, wato a ciro daga ramin da ya yi yawa a dasa inda babu. Yaya yana ta murna, ya tsaya ya buɗe hannu ya nuna gonar ya ce, "To Bitrus, ka gani? Ka ga amincin Ubangiji?"

Bitrus yana tsugune a gaban wani rami da bai tsira ba, da dashe a hannunsa. Ya ce, "Na ga waɗanda suka fito, Yaya. Na gode masa a kansu. Waɗannan nake tambaya. Hannu ɗaya ya sa su, rana ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka a kansu. Me ya sa wannan bai tashi ba?"

Na san ba gero yake nufi ba, Yaya ma ya sani. Na ga ya kai hannu zai cire tabarau kamar yadda ya saba in zai kawo amsa, sai ya fasa. Ya tako ya tsuguna kusa da ƙanensa, ya daɗe yana kallon ramin. Ya ce, "Ban sani ba, Bitrus. Ranar da na yi wa'azin nan ma ban sani ba. Tsoro na ji in yi shiru."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Mijina ya dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi kukan Lami da bai yi ba wata huɗu, da ƙarfi, a tsakiyar gandu. Yaya bai ce masa ya yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Da ya gama ya share fuska da gefen hannu, ya raba dashen da ke hannunsa biyu, ya miƙa wa yayansa rabi.

Ya ce, "Riƙe. Mu cike wuraren nan kafin ƙasa ta sha iska."